Ruwan Gada Ya Riga Ni Zuwa Argungu

Da shugabarmu ta ce kowa ta kawo abin da za a sa a takardar cikar ƙungiyarmu shekara goma, na ce ni tarihi zan rubuta, aka yi ta dariya. To ga shi na rubuta da hannuna, albarkacin ajin yaƙi da jahilci.

Bara na raka ƙanwata Argungu gaisuwar rasuwar surukarta. Ta Nijar muka bi, Magama, Ɗan Isa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, muka shigo Illela, sai Sakkwato, don kun san halin da hanyar Zurmi take ciki. Bayan addu'ar uku wani yaron gidan ya ji ni mai sayar da bandar kifi ce, ya ce ai kuwa bai kamata in bar garin ban shiga gidan tarihi na Kanta ba. Na tafi ne don kada in watsa masa ƙasa a ido. Ashe zan daɗe a ciki har la'asar.

Gidan tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, ginin ƙasa. Sarakuna sun zauna a ciki har 1942 da aka koma sabuwar fada, a 1958 kuma aka mai da shi gidan tarihi. Akwai kaburburan sarakuna a ciki, don haka mutum yakan sassauta murya ko ba a ce masa ba. Na ga masu da takubba da kwari da baka da tambura da layu. Sunan gidan na Muhammadu Kanta ne, wanda ya kafa daular Kabi shekara ɗari biyar da suka wuce, ya ƙi bin Askiya na Sanwai, ya gina birnin Surame. Abin da ya sa na gyara tsayuwa shi ne da aka ce asalinsa daga Kuyambana ne a ƙasar Katsina, kuma masu tarihi suna cewa a ƙasar Katsina aka harbe shi da kibiyar da ta zama ajalinsa, yana dawowa daga yaƙin Barno. Na ce to, ashe namu ne, mu muka ba su kuma mu muka karɓe.

Amma inda na fi daɗewa wajen kayan su ne. Shekara ashirin ina sayar da kifi, sai ranar na tsaya na dubi homa da kyau. Raga ce a ɗaure jikin lanƙwasasshen icce, masunci yakan riƙe biyu, ɗaya a kowane hannu, ya nutsa ya haɗa bakinsu. Ga kuma gora, ƙato, mai baki a sama. Shi ne jirginsa, a kansa yake kifa ciki ya yi iyo, shi ne kuma ma'ajiyarsa, a ciki yake jefa abin da ya kama. Kun ga dabara. Abu ɗaya aiki biyu, kuma a gona ake shuka shi, ba a sayo shi da kuɗin waje.

Bikin kamun kifin da muke gani a talabijin, da sulhu ya fara. A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi. Kabawa ba su sallama ba, suka kafa Argungu, aka yi ta gwabzawa da Sakkwato kusan shekara ɗari har Turawa suka zo. Ko bayan an ajiye makamai zukata ba su huce ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Aka rasa karramawar da ta dace da baƙo irin wannan, sai aka tara masunta aka yi masa su a gabansa. Daga nan abin ya ɗore. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake kiyayewa. Ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, sai a Maris 2020 aka dawo da shi, wanda ya zo na ɗaya ya fito da kifi mai kilo 78. Ni dai da na ji haka lissafin gunduwa nawa zai yi na shiga yi, halin 'yar kasuwa.

Daga gidan muka gangara bakin Matan Fada, inda ake gasar. Ba shi da faɗin da nake zato. Abin da ke sa a samu giwan ruwa a wurin, hana su ake yi a wannan yanki har lokacin biki ya zo, kuma Sarkin Ruwa ne mai ba da izini. Ranar gasa ma da homa da gora kawai ake shiga, na kamar awa ɗaya. Kifi ya samu shekara yana hayayyafa yana girma ba mai damunsa.

Nan ne hankalina ya dawo gida. Gulbin Gada namu, wanda aka tare aka yi dam ɗin Jibiya, in ya wuce mu Nijar yake shiga, can ake kiransa Gulbin Maraɗi. Ya bi ta wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi, ya sake karyowa Najeriya ya faɗa Gulbin Rima, Rima ya haɗu da Gulbin Sakkwato, su gangara Argungu. Wato kusan hanyar da muka bi a mota, ita ruwan damina yake bi, ba mai tambayarsa takarda. Da aka rufe boda a Agusta 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023, mu muka zauna da kwanduna babu kaya, da yawanmu adashi ya gagare su zubi. Ruwan bai tsaya ba. Shi ne dai kuma ya yi mana ɓarnar da ba mu manta ba a ambaliyar Yulin 2018, Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Ku da kuke saro kifin dam kun san yadda karfasa da tarwaɗa suka koma. Wani kifin bai kai yatsa uku ba, ka rasa ta inda za ka lanƙwasa shi a tsinke. Raga mai ƙananan ido ake zubawa, har da gidan sauro, ta kwashe uwa da 'ya'ya. Muna zagin masunta, amma fa mu ne masu saye. Ni ma na saya, ba sau ɗaya ba, don yana da araha kuma masu miya suna so. Tun da na dawo nake cewa a taro, in mu matan ƙungiya muka haɗa baki muka ƙi karɓar 'ya'yan kifi ko na watannin damina ne, lokacin da yake zuba ƙwai, masu kamawa za su ji a aljihunsu. Wasu sun ce in mun ƙi wasu za su saya. Gaskiya ne, kuma ban da amsar da za ta gamsar da mai marayu a ɗaki. Shi ya sa na roƙi a sa maganar cikin ajandar taron wata mai zuwa, a gayyato shugabannin masunta su ma a ji nasu.

Na kuma ɗauko tsohuwar wuƙar fiɗar kifi ta mahaifiyata da kwandon da take kaiwa kasuwar Maraɗi, na kai ofishin ƙungiya, sakatariya ta rubuta sunanta a takarda ta liƙa. Duk mai irin waɗannan a ƙarƙashin gado ta kawo ranar Alhamis, akwai sauran wuri a kan kantar.