Rawani a Ƙasar Hausa

Rawani dogon ƙyalle ne da namiji kan naɗa a kan hula, wani lokaci ya ja amawali ya rufe baki da haɓa. Ya bazu a ƙasar Hausa tare da Musulunci da fataucin Sahara, malamai da fatake na cikin waɗanda suka fara riƙe shi. Buzaye kuwa suna da nasu tsohon naɗin, wanda saurayi kan fara yi idan ya kai munzali, kuma ba ya buɗe baki a gaban surukai.

A Gobir ne rawani ya zama maganar siyasa. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Degel sun riƙe rawani ga maza da mayafi ga mata, har ya zama daga nesa ana gane mabiyin Shehu. A ƙarshen shekarun 1790 Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela: ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, kuma a daina naɗa rawani da yafa mayafi. Nafata ya fahimci abin da yake gani, domin kowane rawani a kasuwa shaida ce cewa mai shi ya sami wani jagora ban da fada. Dokar ta ƙara wa Jama'a haɗin kai ne, har aka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804.

Bayan jihadin da ya biyo bayan hijirar, tufar da Nafata ya hana ita ce tufar sarauta. Ba a cika sarauta sai an naɗa wa mutum rawani a gaban jama'a. A Kano naɗi mai kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan sarauta, dogarai kuma an san su da jan rawani. Ta fuskar ƙyalle kuwa, akwai farar harsa mara nauyi, akwai ɗan Kura, baƙi mai ƙyalli, wanda marina da mabugan garin Kura suka shahara da shi. Shuninsa kan zuba a fuska, kuma Buzaye na sayensa da tsada.

A ƙarni na 20 hula ta karɓe kawunan yawancin maza. Rawani ya rage a wurin sarakuna da hakimai da dagatai da limamai, sai kuma mahayan hawan Sallah.