Sunan da ke ƙofar jami'ar Yamai

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa rako kaya daga Gar ta Paraku, ya bi ta Malanbil da Gaya da Doso har Yamai, ya ji ana cewa Jami'ar Abdu Mumuni. Mu ma mun daɗe muna ji, ba mu taɓa tambayar ko wane ne ba. Sai wata tafiya da muka yi kafin a rufe iyaka a 2023, duwan ta riƙe mana takardu kwana biyu. Zaman banza ya ishe mu, muka haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, muka tsaya a ƙofar jami'ar da ke ɗauke da sunansa tun 1992. Wani ɗalibi ne ya ba mu labari, muka yi shiru kamar 'yan makaranta.

An haifi Abdu Mumuni Dioffo a Tasawa a 1929. Ya yi karatun kimiyyar fizik a Faransa, ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙaro ilimi kan hasken rana, ya yi aiki a Bamako, sannan a 1969 ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar. Tunaninsa bai da wuyar ganewa: ƙasar da ba ta da teku, man fetur ɗinta sai ya biyo ta Kwatano da layin dogon da ya ƙare a ƙofarmu, amma rana tana dukanta kyauta daga safe zuwa yamma. Shi da ma'aikatansa suka ƙera tukunyar girki da na'urar dafa ruwa masu aiki da zafin rana, a nan Yamai, da hannun 'yan ƙasa. Daga baya ya riƙe shugabancin jami'ar. Ya rasu a 1991, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya sa muka kawo wannan a bikin ƙungiya shi ne kayan da ke shagunanmu yau. A duba daga Paraku zuwa Jugu: faifan sola, batir, fitila, fanka, kusan duk daga Sin suke, mu namu dako ne da ɗan abin da ya hau kai. Ba mu raina shi ba, da shi muke ciyar da iyali. Amma da gadar Malanbil ta rufe, kowa ya ga yadda kuɗin dako da na kwale-kwale suka cinye ribar.

A Kwatano an kafa wa Bio Gera mutum-mutumi a 2022, kuma ya cancanta. Mu dai a kwamiti mun ba da shawara cewa daga cikin kuɗin karo-karo na bana a ware abin da za a sa yaranmu biyu koyon haɗa sola da gyaranta. Za a kawo maganar a taro mai zuwa, wanda ke da ja sai ya zo ya faɗa.