Dodo a Littattafan Tatsuniya

Dodo shi ne babban abin tsoro a tatsuniyoyin Hausa: ƙato mai gizo, mai haɗiye mutane da dabbobi, wanda ke zama a ƙungurmin daji ko cikin ruwa. Galibi dabarar ƙaramin yaro ko ta Gizo ke kayar da shi. Matsayinsa ya yi kama da na Minotaur a tatsuniyoyin Girka.

Ɗan Damagaram ne, Dorugu, ya ba J. F. Schön wasu daga tatsuniyoyin farko da aka buga, cikin Magana Hausa (1885). Frank Edgar ya tattara ɗaruruwa cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa (1911–1913), inda Dodo ya yawaita. Waɗannan littattafai sun adana hirar daren kakanni.