Tarihin Gilashin Zuƙo Hoto: Kafin "100x" Ya Cinye Maka Kuɗi

In kana shirin sayen waya don ɗaukar tsuntsaye ko namun daji, tsaya ka ji inda zuƙowar nan ta samo asali, don kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka.

Tsuntsu ba ya jiran mai hoto, kana matsowa zai tashi. A Ingila, wasu 'yan uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, har cikin fatar sā da aka yi wa ciko suke ɓuya don su samu kusantar sheƙa. A 1891 Thomas Dallmeyer ya fito da gilashin telefoto, mai jawo abu na nesa ba tare da kyamara ta yi tsawon tsiya ba. Sai a 1959 Voigtländer ta saki Zoomar, na farko a kyamarorin fim na milimita 35 da ake murzawa daga milimita 36 zuwa 82.

Daga nan wata matsala ta fito fili: duk yadda ka jawo abu, haka rawar hannunka ke ƙaruwa a hoton. A 1995 Canon ta fitar da gilashi mai milimita 75 zuwa 300 da ke gyara girgiza da kansa. Shi ne kakan OIS ɗin da kake gani a bayanan waya yau.

Ita waya matsalarta siranta, telefoto kuwa fili yake so. Nokia N93 ta 2006 ta zo da 3x na gaske. Galaxy S4 Zoom ta 2013 ta kai 10x, amma kaurinta kamar ka sa kyamara a aljihu. iPhone 7 Plus ta 2016 ta bi wata hanya: kyamara biyu, ɗaya ta kusa, ɗaya 2x. A 2019 Huawei P30 Pro ta kwantar da gilasan a cikin waya, ta sa wani gilashi mai lanƙwasa haske a bakinsu, ta samu 5x, wato milimita 125. Ramin nan mai kusurwa huɗu da kake gani a bayan wasu wayoyi ke nan. A 2020 Galaxy S20 Ultra ta zo da rubutun 100x.

To ga inda gizo ke saƙa. A yawancin wayoyi gilashin telefoto ba ya murzuwa irin na Zoomar. Duk abin da ya wuce lambarsa ta gaske, yanko hoton kawai ake yi a buɗa shi, manhaja ta cike giɓi da hasashe. Shi ya sa gashin tsuntsu ke fitowa kamar an shafa masa fenti. Masu ɗaukar tsuntsaye da manyan kyamarori kan yi amfani da milimita 400 zuwa 600, ka ga ko 5x bai kama ƙafarsu ba.

Saboda haka kafin ka biya:

1. Tambayi lambar zuƙowa ta gilashi da milimitarta, ka manta da babbar lambar talla.
2. Danna 3x ko 5x, ka rufe gilashin telefoto da yatsa. In hoton bai canja ba, babbar kyamara ce ke yankowa.
3. Gwada da yamma lis. In haske ya yi ƙasa, wayoyi da yawa kan koma babbar kyamara ba tare da sun gaya maka ba, alhali lokacin ne dabbobi ke fitowa shan ruwa a wuri irin Yankari.
4. Tabbatar telefoton kansa yana da OIS.

In kuma ka saya, kar ka ɗaure ta a kan babur. Ko Apple ta yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur na lalata OIS, kuma a wurinmu masu gyara, canjin kyamarar gaba ɗaya ne maganinsa.

Wace waya kake riƙe da ita, kuma nawa ne zuƙowarta ta gaske? Faɗa mana a ƙasa.