Matani, Sharhi da Hashiya a Zamanin Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya san maganganun da ke cikin littafi ba nauyinsu ɗaya ba. In muka ɗauki Muhtasar na Shaihu Halil, za mu tarar Shaihu Dardiri ya yi masa sharhi, sa'an nan Dasuƙi ya zo ya yi wa sharhin hashiya. Alƙalin da ya ciro magana daga hashiya ya jingina ta ga matani ya yi kure, ko da kuwa duka biyun a shafi guda suke. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi diddigin yadda aka koya wa kwamfuta wannan ladabi, watau ta nemo kalma a hawan da aka umurce ta, ta ƙyale sauran.

Da farko kwamfuta tana ɗaukar rubutu tamkar doguwar igiya ta haruffa, ba ta bambanta kanun babi da ƙarin bayanin ƙasan shafi. A shekarar 1969 wasu ma'aikata uku na kamfanin IBM a Amurka, Charles Goldfarb, wanda lauya ne, da Edward Mosher da Raymond Lorie, suka ƙago wata hanya da aka kira GML, suna neman sauƙaƙa sarrafa takardun shari'a. Dabarar ita ce a sa wa kowane yanki na rubutu alama a farkonsa da ƙarshensa, mai faɗin ko shi mene ne. Daga nan SGML ya tsiro, ya zama ƙa'idar duniya a 1986. Tun da yake yanki na iya shiga cikin wani yankin, sai takarda ta koma kamar bishiya mai gindi da rassa.

An ga amfanin wannan a fili wajen babban ƙamusun Ingilishi na Oxford. A 1984 aka soma aikin shigar da shi cikin kwamfuta tare da Jami'ar Waterloo ta Kanada. Masu buga tafireta fiye da 120 suka buga haruffa sama da miliyan 350, aka fitar da bugu na biyu cikin juzu'i 20 a 1989. Gaston Gonnet da Frank Tompa da abokan aikinsu suka samar da manhajar bincike mai suna PAT, wadda ke iya tsare nema cikin fage guda. Alal misali, mai son sanin kalmomin da Ingilishi ya aro daga Larabci zai ce a duba masa fagen asalin kalma kaɗai, kada a kwaso masa duk jimlar misali da aka ambaci Larabawa a ciki.

Tim Bray, wanda ya yi aiki a wannan shiri na Waterloo, yana cikin editocin XML, watau SGML da aka rage wa nauyi saboda intanet, wanda aka tabbatar ran 10 ga Fabrairu, 1998. Amma akwai sauran rina a kaba. A dokar ƙasa sashe yakan ƙunshi ƙaramin sashe, shi ma ya ƙunshi wani, kuma sau da yawa duk sunan alamarsu ɗaya. In ka ce a nemo "haraji" cikin "sashe", wane hawa kake nufi? Amsar ta zo a Nuwamba 1999 da XPath, wanda James Clark da Steve DeRose suka tace. A cikinsa karan tsaye mai jirge guda ɗaya yana nufin ɗa na cikinsa kawai, biyu kuwa suna nufin zuriya duka, har jikoki da tattaɓa-kunne. Masu rumbunan bayanai suka bi sahu: Oracle yana da umurnin WITHIN mai duba cikin yanki, sa'an nan a Oracle9i na 2001 ya ƙara INPATH, mai bin hanya hawa-hawa. A 2011 aka tabbatar da ƙa'idar da ta haɗa binciken kalmomi da XQuery da XPath.

To, ina ruwanmu? Akoma Ntoso, tsarin XML na rubuta dokoki, daga shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na taimaka wa majalisun dokokin Afirka ya samo asali, sunansa ma daga harshen Akan na Gana yake. Haka kuma ƙamusun Bargery na 1934 hawa-hawa aka gina shi: kalma, ma'anoninta, sa'an nan misalai. Abin lura shi ne, kwamfuta ba ta gane hawan da ɗan Adam bai sa wa alama ba. Ofishin da ya ɗauki hoton shafukan doka ya adana, ya tsirar da takarda daga gara, amma akawun da ya zo nema zai iya ciro togaciya ya ɗauke ta a matsayin hukunci, talaka ya biya abin da doka ta yafe masa. Don haka tilas aikin sa alama ya kasance a hannun wanda ya san harshen, ya kuma san fannin, kamar yadda ba a ba wanda bai sauke matani ba rubutun hashiya.