Ungulu da Tsabtar Muhalli: Abin da Binciken Masana Ya Gano

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a garuruwa da ƙauyukan Arewacin Nijeriya shekaru talatin ko arba'in da suka wuce ya san ungulu a mahauta da bayan kasuwa da kan tsamiya. Sabon da aka yi da ita ne ya sa ta shiga karin magana, har ake cewa ungulu ba ta jewar banza. A yau kuwa akwai garuruwa da dama da yaro zai girma bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba. Wannan bayani ya ƙunshi abin da masana ilmin halittu suka gano game da wannan tsuntsuwa, da dalilan raguwarta, da hasarar da rashinta ke jawowa, da kuma nauyin da ya rataya a wuyan jama'a da shugabanni.

Ire-iren Ungulu

Akwai ire-iren ungulu 23 a duniya. Daga cikinsu 16 suna nahiyoyin Afirka da Asiya da Turai, bakwai kuma suna nahiyar Amurka. Ana samun iri 11 a Afirka. Wadda aka fi sani a ƙasar Hausa ita ce ungulun gari mai siririn baki, wadda ke zama kusa da mutane. Akwai kuma maiki, wanda ya fi ta girma, yana zaune a daji da tsaunuka. A shekarar 1973 wani maiki ya yi karo da jirgin sama a sararin samaniyar birnin Abijan, a tsawon kimanin mita 11,300 daga ƙasa. Haka kuma akwai farar ungulu mai rawayar fuska, wadda wasu daga cikin irinta ke hayayyafa a Turai, sannan su ƙetaro hamada su yi rani a ƙasashe irin su Nijar da Chadi.

Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ungulayen Afirka ba su da kusancin dangantaka da na Amurka, duk da kamannin da ke tsakaninsu. Ungulayenmu dangin shaho da shirwa da gaggafa ne. Masana sun bayyana cewa cin abinci iri ɗaya, wato mushe, na tsawon zamani mai nisa shi ne ya sa ɓangarorin biyu suka zo da siffa ɗaya, kamar sanƙon kai da faffaɗan fiffike.

Yadda Jikinta Ya Dace da Aikinta

Ruwan cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin gaske, wanda ke hallaka mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. A shekarar 2015 masana a Koriya ta Kudu sun nazarci ƙwayoyin gadon wata baƙar ungulu ta Asiya da Turai, suka sami alamun canji a ƙwayoyin da suka shafi samar da tsamin ciki da garkuwar jiki. Wannan ne ya sa ungulu ke cin abin da zai kwantar da wata dabbar ba tare da ta cutu ba.

Sai dai ungulu ba ta da saurin hayayyafa. Yawancin ire-irenta ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, kuma ɗan da aka ƙyanƙyashe yakan ɗauki shekaru kafin ya isa hayayyafa. Saboda haka idan aka kashe manyan ungulaye ɗari a rana ɗaya, cike gurbinsu aiki ne na shekaru masu yawa.

Girman Raguwar

A shekarar 2016 wata tawagar masana ƙarƙashin Dokta Darcy Ogada ta wallafa sakamakon nazarin ire-iren ungulu takwas na Afirka. Sun gano cewa a jimlace yawansu ya ragu da kashi 62 cikin 100 a shekaru 30. A shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sanya ire-iren ungulun Afirka huɗu a jerin halittun da ke gab da ƙarewa, ciki har da ungulun gari da maiki.

A watan Janairun 2024 kuma aka wallafa wani bincike da Dokta Phil Shaw na Jami'ar St Andrews da ke Birtaniya ya jagoranta tare da Dokta Ogada. An duba ire-iren tsuntsaye 42 masu farauta da masu cin mushe a dazuzzukan Afirka, aka ga cewa 37 daga cikinsu sun ragu. Raguwar ta fi tsanani a Afirka ta Yamma, kuma ta fi muni a wajen gandun daji fiye da cikinsa.

Dalilan Raguwar

Binciken 2016 ya bi diddigin mutuwar ungulaye fiye da 7,800 a ƙasashe 26. Guba ce ta kashe kashi 61 cikin 100, cinikin sassan jiki domin haɗa magani da surkulle ya ɗauki kashi 29, wayoyi da turakun wutar lantarki kuma kashi 9.

Gubar tana zuwa ta hanyoyi biyu. Wani lokaci makiyayi ko manomi yakan barbaɗa maganin ƙwari irin su Furadan a jikin mushe da nufin kashe kura ko karnukan da ke yi masa ɓarna, sai ungulaye su riga su sauka. Wani lokaci kuma da gangan ake yi. A shekarar 2019 an tsinci gawar ungulaye 537 a Botswana kusa da mushen giwaye da mafarauta suka sa wa guba. A shekarar 2020 ungulayen gari fiye da 2,000 suka mutu a Gini Bisau, an kuma sami da yawa daga cikinsu an yanke musu kai.

Batun cinikin sassan jiki ya shafi Nijeriya kai tsaye. Wani nazari na kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa mafi yawan gawarwakin irin waɗannan tsuntsaye da aka ƙidaya a kasuwannin Nijeriya aka gan su. Da ungulu ta yi ƙaranci a gida, sai 'yan kasuwa suka koma sayo ta daga maƙwabtan ƙasashe. Ya kamata mai saye ya sani cewa sau da yawa da guba ake kama tsuntsuwar, kuma gubar tana iya zama a jikinta har ta kai ga wanda ya yi amfani da ita.

Bayan waɗannan, sare manyan itatuwa irin su rimi da kuka da giginya yana hana ungulu wurin sheƙa.

Hasarar da Rashinta ke Jawowa

Wani gwaji da aka yi a yankin Laikipia na ƙasar Kenya, aka wallafa a 2012, ya kwatanta mushen da ungulaye suka ci da wanda ba su sauka a kansa ba. Inda babu ungulu, lokacin da mushe ke ɗauka kafin ya ƙare ya kusa ninkawa sau uku, dabbobi irin su kura da dila da ke taruwa a kansa ma sun ƙaru. Cuɗanyarsu a wuri ɗaya tana buɗe ƙofar yaɗuwar cuta.

Ƙasar da ta ɗanɗana wannan hasara a fili ita ce Indiya. Daga shekarun 1990 masu shanu a can suka riƙa yi wa dabbobinsu allurar dikilofenak, maganin ciwon jiki da kumburi. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar ba da jimawa ba, ƙodarta takan lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Wani iri ɗaya ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. Sai a 2004 aka gano musabbabin, a 2006 kuma Indiya da Pakistan da Nepal suka haramta amfani da maganin ga dabbobi, aka koma ga melokzikam wanda gwaji ya tabbatar ba ya cutar da ungulu.

A shekarar 2024 masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa nazarin abin da ya biyo baya. Sun kwatanta gundumomin da a da suke da ungulu da yawa da waɗanda ba su da ita, suka ga mace-macen mutane ya ƙaru da fiye da kashi 4 cikin 100 a gundumomin farko. Ƙiyasinsu ya kai kimanin mutum 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Sun danganta hakan da gurɓacewar ruwa saboda ruɓaɓɓen mushe, da ƙaruwar karnuka marasa iyayengiji masu yaɗa ciwon haukan kare.

Doka da Matakai

A shekarar 1985 Nijeriya ta kafa dokar kare namun daji da ke fuskantar barazanar ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016 tare da tsananta hukunci. A 2017 ƙasashen duniya suka amince a birnin Manila da wani shiri na shekaru 12 domin ceto ungulayen Afirka da Asiya da Turai. Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, wato NCF, ta yi aiki da masu maganin gargajiya domin ƙarfafa amfani da itatuwa da tsirrai a madadin sassan ungulu. Ana kuma gudanar da ranar wayar da kai game da ungulu a Asabar ta farko ta watan Satumba kowace shekara.

Abin da Ake Buƙata Daga Jama'a

Ana kira ga makiyaya da manoma da su guji sa guba a mushe ko da wane dalili. Idan wata dabba tana ɓarna, a kai rahoto ga mai unguwa ko jami'in gandun daji.

Masu dabbobi su tuntuɓi malamin dabbobi kafin yin allura. Dabbar da ta mutu tana cikin shan magani a binne ta da zurfi. Wadda kuma ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta ko a bar ta a fili, domin tana iya zama ciwon saifa. A sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi nan take.

Sarakunan pawa da duba-gari su hana kamawa ko jifan ungulu a mahauta, su kuma tabbatar ba a zuba maganin ƙwari ko na ɓera a kan ragowar yanka ba.

Dagatai da masu unguwanni su kare itatuwan da aka san ungulu na sheƙa a kansu. Idan aka ga tsuntsaye da yawa sun mutu a wuri ɗaya, a nisantar da yara da dabbobi, kada kowa ya ɗauka ko ya ci, a sanar da ƙaramar hukuma cikin gaggawa.

Kammalawa

Binciken da aka ambata a sama ya nuna cewa ungulu tana kawar da mushe cikin sauri ba tare da an kashe ko kwabo ba, kuma inda ta ɓace lafiyar mutane da dabbobi takan shiga haɗari. Tun da yake mafi yawan abin da ke kashe ta daga hannun ɗan Adam yake fitowa, gyaran ma yana hannunsa. Ana fatan shugabannin al'umma da malamai da jami'an ƙananan hukumomi za su isar da wannan bayani ga jama'arsu a tarurruka da ranakun kasuwa.