Rawanin Kakana Da Karofin Ƙofar Mata

Mai karatu, rawani ne ya kai ni birnin Kano. Bayan rasuwar kakana a Damagaram, da aka zo rabon kayansa sai aka ba ni wani tsohon rawani baƙi wuluk mai sheƙi, wanda in ka taɓa shi sai ya bar maka shuni a hannu. Gwaggona ta ce ɗan Kura ake ce masa, kuma fatake ne suka kawo shi daga ƙasar Kano. Tun daga ranar na ƙudurta sai na je na ga inda ake rina irinsa.

Da hantsi na isa karofin Ƙofar Mata. Marinan wurin suna cewa tun 1498 ake rini a nan, wato a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma faɗaɗa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tsakanin 1095 da 1134. Na tarar da ramukan rini jere reras, amma kaɗan ne ke da ruwa. Sauran sun bushe, wasu ma shara ta cika su.

Wani dattijo na zaune a bakin raminsa yana tsoma ƙyalle. Na durƙusa na gaishe shi, na fito da rawanin. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Yaro, wannan aikin mutanen Kura ne, ya sha bugu." Ya nuna mini yadda ake haɗa baba da toka a ruwa, a bar su kwanaki har su nuna. In aka ciro ƙyalle, kore yake fitowa, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. A tsoma, a ciro, a sake tsomawa, har ya yi duhun da ake so. Daga nan sai gidan masu bugu, inda ake zuba masa shuni a yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki sheƙi.

Wannan sana'a ce ta ɗaga sunan Kano. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo birnin a 1851. Ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus, har Tambutu, ya kuma ƙiyasta cinikinsu da wuri miliyan 300 a shekara. Buzaye kuwa da turkuɗin Kura suke naɗi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani ne daban. Na tambayi dattijon, "Baba, in ruwan ya mutu, ina kuke kai laƙar da ta kwanta a ƙasa?" Ya yi dariya ya ce katsi ke nan, kuma a da ba a zubar da shi. Akan kwashe shi a shanya, a ƙona, a daka, a haɗa da gashin jima da dafara, sai ya zama laso. Da laso ake shafe cikin ramin rini don kada ruwa ya tsiyaye, da shi kuma magina ke shafe rufin soro don kada damina ta ci shi. Ashe majemi da marini da magini abu ɗaya ya ɗaure su.

Da wannan a zuciyata na shiga Gidan Makama da yamma. Na ɗaga kai ina kallon bakan gizo da jeren azara, na fita na dubi zankwaye a saman katanga. Sai na gane ginin tubali ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai da hannun da zai riƙa yi masa yaɓe bayan kowace damina, da sana'o'in da ke ba shi kayan aiki.

To, tun 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta. Turawa suka ci Kano a 1903, daga baya siminti da kwano suka shigo, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Ramuka suka yi ta bushewa, katsi ya yi ƙaranci, masu haɗa laso suka ragu. Ganuwa kuwa na ga inda ta zube, na ga inda aka yi gini a kanta. Ƙofar Na'isa ma an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina sabuwa.

Kafin na bar garin na koma na yi wa dattijon sallama. Na tambaye shi ko cikin 'ya'yansa akwai mai gadonsa. Ya ce ɗaya ne ke zuwa, shi ma sai ranar da ba shi da wani aiki. Na sayi ƙyalle biyu a hannunsa ban nemi ragi ba. Duk wanda Allah ya kai shi Kano, don Allah ya leƙa Ƙofar Mata ya yi ciniki, kada ya tsaya ga ɗaukar hoto kawai.